Keken da Ba Ya Ɗinki

Unguwar Maiwada, kusa da Kurmin Kogi
Watan Yuni

Zuwa ga 'yata Linda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya, da Baba Barnaba da Mama Diana da yaran gidan duka. Yaya makaranta, yaya damina a Kudan? Ni ina nan lafiya, sai kewarki.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Kin san da girmana na koya a ajin zumuntar mata, hannuna ya fi sabawa da allura. Na zaɓi takarda ne domin idan na ari wayar Malam Maiwada, mai gidan da aka sauke ni, sai kowa ya yi tsit yana saurare, ke ma can Baba Barnaba yana tsaye a kanki, mu ƙare a "lafiya lau". Malam Maiwada yana kai kaya kasuwar Makarfi. Zai riƙa ba Mama Diana wasiƙata a can, ita kuma ta ba shi taki wasiƙar.

Ɗakina yana bayan rumbu. Mutanen kirki ne. Matarsa Hussaina takan turo mini tuwo ta ce, "Maman Linda, in ba ki cinye ba zan kai ƙararki wajen fastonku." Amma in ni na ɗora tukunya, sai na sauke nake ganin na auna na mutum uku. Tun da 'yan bindiga suka kashe babanki muka baro gida, hannuna ya ƙi koyon awon mutum ɗaya.

Na san kina fushi da aka raba mu. Baba Barnaba, yayan babanki, ya yi gaskiya da ya ce ki zauna wajensa. Sakandaren da ta fi kusa da nan tana can kan hanyar Ikara, ƙafa ba za ta iya kullum ba, acaɓa kuma ba ya shigowa unguwar nan sai an kira shi.

To ga albishir. Wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira ta zo cocinmu. Wata budurwa mai tabarau ta ce mini, "Mama, muna raba kekuna ga iyalan da suka iso kwanan nan. Kin iya keke?" Na ce, "'Yata, tun kafin a haife ki nake taka keke. Da shi na ci da gidana." Ta buɗe baki ta ce, "Ke Mama? Da zane?" Na ce, "To da me zan taka?" Ta yi ta dariya, har ta kira abokin aikinta ya zo ya gan ni. Sun ce ni ce ta farko da za a ba.

Kin ga, Allah zai mayar mini da keken ɗinkina da ya ƙone. Idan na soma aiki zan nemi ɗaki a cikin Ikara kusa da makaranta, ki dawo wajena. Abin da zan fara ɗinkawa kayan makarantarki ne. Ki auna kanki da zare yadda na koya miki, ki ƙulla a kafaɗa, ki ƙulla a ƙugu, ki ƙulla a idon sawu, ki aiko mini.

Ki riƙa taya Mama Diana aiki ba sai ta ce ba. Kada ki bi ruwa ba lema, kin san ƙirjinki.

Allah ya tsare mini ke.
Mamanki, Paulina

*

Kudan
Watan Yuni

Mamana,

Ina kwana, ina gajiya? Na ga wasiƙarki, na karanta ta har ta soma yagewa a wajen ninki. Rubutunki ya fi na malamin lissafinmu kyau, gaskiya nake faɗa miki.

Ga zaren nan. Mama Diana ta riƙe mini a kafaɗa, tana cewa, "Ke yarinyar nan, wane taki ake ba ki? Rake ma bai kai ki saurin tsawo ba." Siket ɗina na yanzu ya gudu ya bar gwiwata, ina ta jan sa ƙasa a aji.

Ba a matsa mini a nan. Sai dai tabarma ɗaya muke kwana da yara uku, kuma duk mai mafarki ni yake shura. Ba wanda ya san yadda Baba yake tari kafin ya yi magana sai ni kaɗai. In na kwaikwaya ba mai dariya, don yaran ba su san shi sosai ba.

Mama, ki yi sauri da keken nan. Baba Barnaba ya ce idan aka koma sabuwar shekarar karatu a Satumba ina Kudan, to a nan zan gama sakandare gaba ɗaya, don ba ya son a riƙa ciccire ni kamar dashen tumatir. Ni wajenki nake so, ko da ɗakin bai fi rumbun ba.

Ki gaida Inna Hussaina, ki ce na gode da take tilasta miki cin tuwo.

'Yarki,
Linda

*

Unguwar Maiwada
Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Barnaba,

Gaisuwa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya iyali, yaya ɗawainiyar Linda? Allah ya saka da alheri. Wannan wasiƙa taka ce kai kaɗai, ina roƙo kada Linda ta gani.

Yaya, na yi abin kunya a gaban jama'a. An kira mu Ikara karɓar kekuna. Na tafi da tsumma da ɗan man da zan shafa wa keken, har na roƙi Malam Maiwada ya zo da amalanke don na san kan keken ɗinki yana da nauyi. Da muka shiga filin, sai na ga kekunan hawa a jere, an ɗaura musu ƙyalle. Na yi ta leƙen bayansu ina neman na ɗinki. Babu ko ɗaya.

Budurwar nan mai tabarau ta ɗauki lasifika ta ce, "Ga Mamanmu gwanar keke, wadda ta ce tun kafin a haife mu take takawa. Mama, zo ki hau mu gani!" Aka yi ta tafi. Na matsa kusa da ita na ce a hankali, "'Yata, na ɗinki nake nufi." Ta rufe baki da hannu. Ba ta tona ni ba, Allah ya yi mata albarka, ta ce wa mutane zanena ne bai dace ba yau. Ta ba ni haƙuri, ta ce su kekunan hawa kaɗai mutane suka ba su kyauta, domin iyalai su samu na zuwa asibiti da kasuwa da makaranta. Ta roƙe ni kada in sayar.

Malam Maiwada ya so ya ɗora shi a amalanke, sai wani ya roƙe shi ya kai masa buhunan taki. Na ce ya je, zan tura. Haka na turo shi tun daga Ikara.

Yaya, ba ka nan ranar da aka kashe ƙanenka, shi ya sa ba ka san abin da wannan yake nufi ba. Philemon ba ya shiga gida sai ya kaɗa ƙararrawar kekensa tun daga bakin rijiya, don in san shi ne. Ranar nan ban ji ƙararrawa ba. Ƙarar sarƙa kawai na ji, ƙis ƙis ƙis, irin ta keken da ake turawa ba kowa a kai. Na leƙa na ga maza biyu sun turo shi, fartanyarsa tana ɗaure a baya. Kafin su buɗe baki na sani. Wannan ƙarar ce ta biyo ni daga Ikara har ƙofar ɗakina, kuma ni ce mai turawa.

Na jingine shi a bango na rufe da tsohon zane. Hussaina ta shigo ta ɗaga zanen ta ce, "Maman Linda, amarya kika kawo mana kike ɓoyewa? Ai ga hanyar makarantar 'yarki nan Allah ya kawo har ɗaki." Na ce mata a'a. Ba zan ɗora 'yata a kan keke in sa ta a hanya ba. Ita kaɗai ta rage mini.

Ka ƙara mini lokaci, ko Allah zai kawo na ɗinkin ta wata hanya. Ka ce wa Linda ba a raba ba tukuna.

Ka huta lafiya.
Matar ƙanenka, Paulina

*

Kudan
Watan Yuli

Zuwa ga Maman Linda,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa, na karɓi wasiƙarki, na kuma fahimci abin da ke ciki.

Game da abin da ya faru a Ikara, ban ga abin kunya ba. Kalma ɗaya ce Bahaushe ya ɗora wa abubuwa da yawa. Da mai ƙafa uku suka kawo miki, shi ma keke za su ce. Diana ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan da na karanta mata sauran ta yi kuka.

Ban san labarin ƙararrawar ba sai yanzu. Na gode da kika gaya mini. Ƙanena ne, tun yana ƙarami a bayan kekena nake ɗaukarsa.

Amma zan gaya miki magana biyu. Ta farko, ba zan yi wa yarinyar ƙarya ba. Ba zan fara zancen ba, amma idan ta tambaye ni zan faɗa mata gaskiya. Ta biyu, ban riƙe Linda don in raba ki da ita ba. Abin da na ce tun farko shi ne a samu hanyar da za ta je makaranta kullum. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, hanyar ta samu. Idan kin ƙi, ba zan ga laifinki ba, sai dai ki sani cewa yanzu ba ni ne na riƙe ta ba.

Lokaci kuwa ba a hannuna yake ba. Makaranta za ta koma a Satumba ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Ki gaishe da Malam Maiwada, ki yi masa godiya a madadin danginmu.

Naki cikin Ubangiji,
Barnaba

*

Kudan
Watan Yuli

Mama,

Ina gaisuwa.

Na tambayi Baba Barnaba ya gaya mini. Ashe keke yana ɗakinki a rufe da zane, ni kuma ina nan kowace ranar kasuwa ina tsayawa a bakin titi ina jiran Mama Diana ta dawo da labari.

Mama, kin manta wanda ya koya mini keke? Baba ne, a filin coci, yana gudu a bayana yana haki yana cewa, "Kalli gaba, Linda, ƙasa ba ta bin ki bashi!" Ke kina bakin taga kina ɗinki kina ihu wai zai karya miki 'ya. Ba keke ne ya kashe Baba ba. Da a ƙafa yake ma da sun same shi.

Kin ce ni kaɗai na rage miki. To ni wa ya rage mini? Kina tsoron kada hanya ta raba mu, alhali ga shi a rabe muke, ba hanyar da ta yi mana komai.

Idan ba ki so in zo, ki faɗa mini kawai in daina sa rai. Zaren da na aiko ki jefar.

Ki yafe mini idan na yi rashin kunya.

Linda

*

Unguwar Maiwada
Ƙarshen Agusta

'Yata Linda,

Gaisuwa da ƙauna. Ina fata kina lafiya, da mutanen gidan duka. Na san kasuwa ta ci sau da yawa Mama Diana tana komawa hannu wofi. Ba fushi na yi ba. Hannuna na dama ne ya kumbura, yanzu za ki ji dalili.

Wasiƙarki ta yi mini zafi. Na ajiye ta, na ɗauka, na sake ajiyewa. Ba ki yi rashin kunya ba. Amma ni ma ba zan iya sauya zuciyata don an ba ni amsa mai kyau ba. Abin da na ga zan iya shi ne wannan: ba zan sa ki a hanyar da ban bi da kaina ba. Ko riga ba na ba mutum sai na juya cikinta na duba ɗinkin.

Na cire zanen da na rufe keken da shi. Na ce wa Hussaina ta zo ta riƙe mini. Ta ce, "Ni da ban taɓa hawa ba?" Na ce, "Ba hawa za ki yi ba, riƙo za ki yi." Muka je bayan gonar rake inda ba mai ganinmu, na sa wandon babanki a ƙarƙashin zane. Ashe yaran unguwa duk suna cikin raken. Na hau, ta riƙe, na ce kada ta saki, ta ce wallahi ba za ta saki ba, sai ga mu mu biyu a cikin kwari, keke a kanmu. Tana kwance tana cewa, "Innalillahi, gwanar keke ta kashe ni!" Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun muna gida.

Ƙafata ce ta ba ni wahala. Ta saba da keken ɗinki, gaba da baya, gaba da baya. Da na ɗora ta a feda sai ta soma ɗinki, keke ya tsaya cik. Malam Maiwada ya wuce da fartanya, ya kawar da kai don kunya, amma ya ce da ƙarfi kamar da raken yake magana, "A riƙa zagayawa da ƙafar, kamar ana tuƙa tuwo." Da haka na gane. Faɗuwar da ta kumbura mini hannu kuwa, ƙasa na kalla. Na tuna abin da babanki yake gaya miki bayan na riga na sha ƙasa.

Makon jiya na bi hanyar makarantar, ni kaɗai, da hantsi. Daga unguwa sai gonakin masara, sun yi tsawo ba a ganin komai, nan ne na fi tsoro, na yi ta addu'a da ƙarfi. Daga nan sai kwalbati, in an yi ruwa akwai santsi, dole a sauka a tura. Bayan kwalbati akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gindin mangwaro, sunanta Iya Bilki. Na sauka na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata ko ni wace ce da abin da ya kawo mu ƙasar nan. Na ce ina da 'ya da za ta riƙa wucewa safe da yamma, na kawo mata amanarta. Ta ce, "Ta zama jikata. Ranar da ban ga wucewarta ba, ni da kaina zan tako." A mararraba akwai mai faci, Sani, shi ma na ba shi amana. Na gaida masu gadin makarantar, na gaida matan da ke wanki a rafi. Na koma washegari, na sake komawa, har yanzu in na wuce sai in ji ana cewa, "Maman Linda, a sauka lafiya!" Sun san sunanki tun ba su gan ki ba.

Ban daina tsoro ba, kada in yi miki ƙarya. Amma yanzu hanyar tana da fuskoki.

Zarenki ban jefar ba. Na ɗinka kayan makarantarki da hannu, da allura, a bakin ƙofa inda haske yake. Sannan na kai wa Sani zaren na ce ya daidaita sirdin da shi, daga ƙullin ƙugu zuwa na idon sawu. Ya ce shi bai taɓa auna keke da zaren tela ba. Da ya ɗaga sirdin na zo hawa, sai ƙafata ta kasa kai feda. Na tsaya a mararraba da zare a hannu. Ashe kin fi ni tsawo, kuma ba a gabana kika yi ba.

Haka na turo shi gida, yana ƙis ƙis ɗinsa. Wannan karon na jure.

Ki nuna wa Baba Barnaba wannan wasiƙa. Idan ya yarda, ki zo.

Mamanki mai kewarki,
Paulina

*

Kudan
Farkon Satumba

Zuwa ga Maman Linda,

Salama a gare ki. Bayan gaisuwa, Linda ta ba ni wasiƙarki, ta tsaya a kaina har na gama karantawa.

Na yarda. Na karɓo mata takardar canjin makaranta. Diana za ta kawo ta Makarfi ranar kasuwa mai zuwa, ta damƙa ta a hannun Malam Maiwada. Ta riga ta ɗaure kayanta tun yanzu, da kayan jikinta take kwana.

Gidan zai yi mana shiru. Yaran suna tambaya wa za su riƙa shura.

Ki sa wa hannun nan magani. Kuma ki sa a duba burki kafin ta hau.

Naki cikin Ubangiji,
Barnaba

*

Linda,

Na tafi gonar Malam Maiwada cirar wake tun da sassafe, don in na tsaya na ga fitarki ta farko zuwa makaranta zan iya cewa ki fasa. Shi ya sa na ɗaura wannan a kan keken.

Kunu yana cikin kwano. An duba burki. Ki sauka a kwalbati. Ki gaida Iya Bilki da kyau, a durƙushe.

Kafin a tashe ku zan dawo, ina cikin ɗaki. Ba zan leƙo ba.

In kin iso bakin rumbu, kada ki sauka ki turo shi. Ki shigo a kansa, ki kaɗa ƙararrawa.

Mamanki